Kamfanin da ya rushe unguwar ne zai ɗauki nauyin bikinta: mu karɓa ko mu ƙi?

Sakataren_Kwamiti:
Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ina cikin kwamitin da ke shirya bikin al'adu na shekara-shekara a birnin da nake zaune. Tun asali a wata tsohuwar unguwa ake yin sa, kuma mutanen unguwar ne ƙashin bayansa. Shekara uku ke nan da aka fara rusau a wurin, ana tayar da benaye masu hawa talatin da wani abu. Hukumar birni ta rage abin da take ba mu. Sai ga kamfanin da ke gina benayen ya aiko mana cewa zai ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin bikin har shekara biyar. Sharaɗinsa biyu: a saka sunansa a gaban sunan bikin, kuma a mayar da babban taron sabon dandalin da ya gina a gindin benayen. Kwamiti ya rabu biyu. Ni kaina da safe ina wannan ɓangare, da yamma ina wancan. Me kuka gani?

Bala_Mai_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ku karɓa. Biki ba ya gudana da fatar baki. Akwai hayar lasifika, akwai masu tsaro, akwai inshora, akwai masu shara bayan an watse. Idan kun ƙi, benayen dai sun riga sun tashi, ku kuma kun rasa bikin. Asara biyu ke nan.

Uwar_Marayu:
Malam Bala, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da mutanen da aka tasa suka zo bikin da kwalaye suna neman diyyarsu, kwamiti zai iya barin su su hau dandali? Sakatare, wannan tambayar za ku fara yi wa kanku.

Injiniya_Tanimu:
Kafin a yi nisa, Sakatare, dandalin nan na waye a takarda? Ina tambaya ne domin akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A 1961 birnin Niyok na Amurka ya fito da dokar da ta ce idan mai gini ya bar fili a gindin benensa don jama'a, za a ba shi izinin ƙara hawa sama da abin da doka ta yanke. Da haka aka samu filaye sama da 500 a birnin waɗanda jama'a ke shiga amma mallakar kamfanoni ne. Birane da yawa sun kwaikwayi tsarin. Ma'ana, filin ba kyauta ba ne. An riga an biya kamfanin da ƙarin benaye. To amma mai fili shi ke da masu gadi, shi ke kafa ƙa'ida. Zuccotti Park da masu zanga-zanga suka mamaye a 2011 irin wannan fili ne, na kamfanin Brookfield. Ku nemi takardar izinin ginin ku karanta. Mai yiwuwa dole ne ma su bar ku ku yi taro a wurin, ko sun ba ku kuɗi ko ba su ba ku ba.

Sakataren_Kwamiti:
Injiniya, wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. Mu dai mun ɗauka alfarma suke yi mana. Zan nemi takardar.

Zinariya22:
Ni abin da ke ba ni haushi shi ne sunan. "Bikin Kamfani Kaza". Yara masu tasowa za su ɗauka kamfanin ne ya ƙirƙiro shi.

Bala_Mai_Lissafi:
To sai me, Zinariya? Faretin da ake yi a Niyok duk watan Nuwamba, na kantin Macy's ne tun 1924, kuma miliyoyi ke kallo. An ji wani ya ce ba al'adar birnin ba ce?

Zinariya22:
Ai wannan su suka haifi abinsu, su suka raɗa masa suna. Daban ne da ka tarar da ɗan wani ya girma ka ce daga yau sunanka zai riƙa amsawa.

Tsohon_Malami:
'Yata Zinariya ta faɗi gaskiya, amma ku bari in ja zancen baya kaɗan. Ba yau masu kuɗi suka fara ciyar da masu fasaha ba. Gidan Medici na birnin Fulorans a Italiya 'yan banki ne, kuma da kuɗinsu aka yi da yawa daga cikin abubuwan da ake zuwa kallo a can yau. Don haka ni ban ɗauki karɓar kuɗin attajiri abin kunya ba. Inda nake da ja shi ne wannan attajirin na musamman ne. Da kamfanin waya ne ko banki, abin da yake saye a wurinku idon jama'a ne kawai: a ga tambarinsa, a tuna da shi. Mai gina benaye kuwa wani abu yake saye daban. Yana sayar da gidaje ne da sunan unguwar. Ku duba takardun tallarsa, na tabbata za ku ga hoton bikinku a ciki, da kalmomi irin "unguwa mai rai, mai tarihi". Wato bikinku yana cikin abin da ke ɗaga farashin gidajensa. Kuma tsadar gidajen ce ke korar masu yin bikin. Kun ga ke nan ba taimako ya kawo muku ba, ciniki ne, kuma ku ne masu hajar. In za ku sayar, ku san darajar abin da ke hannunku.

Hadiza_Akitek:
Baba Malam, abin da ka bayyana ya faru ƙiri-ƙiri a Niyok. Akwai wani tsohon gini a yankin Queens da ake kira 5Pointz, inda masu zanen bango suka yi shekaru suna zane da izinin mai ginin, har wurin ya yi suna a duniya. A Nuwamban 2013, cikin dare ɗaya, aka shafe zanen da farin fenti, a 2014 aka rushe ginin. Masu zanen 21 suka kai ƙara, a 2018 alƙali ya yanke a biya su dala miliyan 6.75. Amma ku ji ƙarshen labarin: dogayen benaye biyun da aka gina a wurin, sunan da aka sa musu 5Pointz. An kori masu abu, an riƙe sunan.

Ɗan_Haya:
Ni a kaina ya faru, ba labari aka ba ni ba. Shekara 14 ina haya a wani rukunin gidaje. Da aka zo rusau aka ce kowa zai dawo idan an gama. Ashe "kowa" na nufin masu takardar mallaka. Mu 'yan haya ko a lissafi ba mu. Yanzu daga inda nake zuwa tsohuwar unguwarmu mota biyu nake hawa. Shekarar farko na je bikin unguwar, na biyu ma na je. Na uku na tsaya a bakin dandali, mai gadi ya tambaye ni wurin wa na zo. A daidai wurin fa ƙofar ɗakina take a da. Ban ƙara komawa ba.

Uwar_Marayu:
Allah sarki. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ɗan'uwa.

Gambo_Direba:
Amin. Amma don Allah kada a mayar da dogon bene shaiɗan. Mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. In ba a yi sama ba sai a yi ta faɗaɗa gari, talaka ya riƙa kashe awa uku a hanya kullum. Ni da nake kan titi na san wannan wahalar.

Hadiza_Akitek:
Malam Gambo, ban musa ba ko kaɗan, aikina ke nan ma. Tsawo ba shi ne matsalar ba. Singafo ta kafa hukumar gidajenta a 1960, yau kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna ƙasar a benayen hukumar suke zaune. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne a gine-gine da yawa an bar hawan ƙasa fayau, ba ɗaki ba shago, ginshiƙai kawai. A nan Malayawa ke bikin aure, a nan 'yan asalin Sin ke zaman makoki. An gina bene amma an bar wa taro wuri, kuma ba sai an roƙi wani kamfani ba. Tambayar ita ce wa aka gina wa, kuma wa ke riƙe da makullin filin.

Injiniya_Tanimu:
Sai dai a tuna benen gwamnati ma yana iya lalacewa. Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka benaye 33 ne masu hawa 11, an gama su tsakiyar shekarun 1950, a 1972 aka fara tarwatsa su da nakiya. Ba a ware kuɗin gyara yadda ya kamata ba, lif ya lalace, masu hali suka gudu. Wanda ya zana su, Minoru Yamasaki, shi ne kuma ya zana tagwayen benayen Niyok da aka kai wa hari a 2001.

Alhaji_Sambo:
Ni duk lokacin da aka yi zancen dogayen benaye Makka ke faɗo mini. Wanda ya je a da ya kuma koma yanzu ya san bambancin. An rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya a 2002, har Turkiyya ta yi ƙorafi, aka gina benen agogon nan mai tsawon mita 601. Masauki ya samu, ba a musu. Amma wanda ke kwana kusa da Harami yanzu aljihunsa ne ya kai shi.

Musa_BK:
Alhaji ai dole ce ta sa. Ina za a zuba miliyoyin alhazai?

Admin_Larai:
Alhaji da Malam Musa, wannan babi ne mai zaman kansa, a buɗe masa zare daban. Sakatare na jiran amsa a kan biki.

Bature_Baƙi:
To bari in dawo da mu. Na zauna Landan shekaru, kuma bikin kalankuwar Notting Hill shi ne misalin da ya fi kusa da tambayarka. Baƙaƙen fata 'yan yankin Karebiyan ne suka raya shi, a titi tun 1966, lokacin da unguwar ta talakawa ce mai gidajen haya a cunkushe. Yau tana cikin unguwanni mafi tsada a Ingila. Jikokin waɗanda suka fara bikin da yawa daga wasu unguwanni suke shigowa ƙarshen watan Agusta, su yi kwana biyu su koma. Masu gidajen yanzu kuwa wasunsu katako suke bugawa a ƙofa su bar gari. Kusan duk shekara sai wani ya kawo shawarar a mayar da bikin cikin wani lambu a riƙa sayar da tikiti. Masu bikin sun ƙi. Sun karɓi kuɗin kamfanoni a lokuta daban-daban, amma titi ba su sake shi ba. In da ni ne ku, sharaɗin suna zan iya tattaunawa a kai. Sharaɗin tashi daga titi zuwa dandalin kamfani kuwa, a'a.

Zinariya22:
Ba a nan ne benen nan ya ƙone ba? Ka ga illar dogayen benayen masu kuɗi.

Bature_Baƙi:
Gyara kaɗan, ƙanwata. Grenfell ba benen masu kuɗi ba ne. Na ƙaramar hukuma ne, an gama shi a 1974, hawa 24, masu ƙaramin ƙarfi ne a ciki. An yi masa kwaskwarima aka lulluɓe bangonsa da wani abu mai cin wuta, shi ya sa gobarar 14 ga Yunin 2017 ta game ginin, mutum 72 suka rasu. A shekarar wani minista ya nemi a ɗauke kalankuwar daga yankin, magajin gari Sadiq Khan ya ƙi. Yanzu a tsakiyar bikin akan kashe kiɗa a yi shiru na daƙiƙa 72. Ki yi tunanin da bikin na cikin filin wani kamfanin gine-gine ne, da sunansa a saman dandali.

Bala_Mai_Lissafi:
Duk na ji, amma har yanzu babu wanda ya gaya mini inda kuɗi za su fito. Ku dubi abin da ya faru a Birtaniya a 2024. Marubuta suka matsa wa bikin littattafai na Hay da na Edinburgh lamba su rabu da kamfanin zuba jari na Baillie Gifford saboda inda yake saka kuɗinsa. Aka rabu. Kamfanin ya janye daga sauran bukukuwan littattafan ma. Shi ko gezau, kasuwancinsa na tafiya. Bukukuwan ne suka koma neman taimako. Ƙin karɓa yana da daɗin faɗa a bakin wanda ba shi zai biya masu lasifika ba.

Tsohon_Malami:
Bala, maganarka na da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Amma ga wani lissafin, tunda kai mai lissafi ne. Shekaru ana cewa gidan kayan fasaha na Tate da ke Birtaniya ba zai rayu ba sai da kuɗin kamfanin mai na BP. Da aka tilasta musu bayyana adadin a 2015, sai aka ga fam miliyan 3.8 ne cikin shekara 17, wato wajen fam 224,000 a shekara, abin da bai taka kara ya karya ba a kasafin gidan. Alaƙar ta ƙare a 2017, Tate na nan. Sau da yawa tambarin ya fi kuɗin girma. Na yarda na su Sakatare daban ne, kashi biyu cikin uku ba wasa ba ne. Amma wannan ɗin ma shi ne abin tsoron. Wanda ke riƙe da kashi biyu cikin uku ba mai tallafi ba ne, mai gida ne.

Nana_Asabe:
Kuma shekara biyar ɗin nan ku lura da ita. Nawa ne lokacin da zai ɗauka ya sayar da gidajen? Ina jin bai wuce hakan ba. Na yi aiki a sashen talla na wani kamfanin gidaje. Kuɗin irin wannan biki daga kasafin tallar aikin yake fita, ba daga wani asusun alheri ba. Ranar da aka sayar da gida na ƙarshe aka rufe kasafin. A shekara ta shida za ku waiwaya ku ga hukuma ta saba da rashin ba ku, masu karo-karo sun watse, bikin kuma ya kumbura ya fi ƙarfin aljihunku.

Sakataren_Kwamiti:
Hajiya Asabe, kin taɓa inda ke mini ciwo. Dama masu ba da ɗan abin da suke iyawa sun ragu tun da aka watsa unguwar.

Gambo_Direba:
To ba ga shi ba. Mutanen sun riga sun tafi. Sababbin da suka shigo benayen su ba mutane ba ne? Su ma a yi bikin da su mana.

Ɗan_Haya:
A yi da su, Malam Gambo, ban hana ba. Amma su kallo suka iya. Wa zai yi wata uku yana koya wa yara rawa da kiɗa? A ina ma za a yi atisayen? Ɗakin taron da muke amfani da shi yana cikin abin da aka fara rushewa. Biki kwana biyu ne a idon mai kallo, a wurin masu yin sa shekara ce cur.

Hadiza_Akitek:
Sannan su ne za su fara kai ƙarar hayaniya. Wannan ya sa a Ingila tun 2018 aka shigar da wata ƙa'ida cikin tsarin ba da izinin gini: wanda ya zo daga baya shi ke da alhakin kare kansa daga ƙara. Idan ka gina gidaje kusa da gidan kiɗa, kai za ka sa tagogi masu hana sauti, ba shi za a rufe ba. Sakatare, ko da dokarku ba ta ce haka ba, kuna iya sa shi a yarjejeniya: duk mai sayen gida a sanar da shi a rubuce cewa ana biki a nan kwana kaza a shekara.

Kabiru_Tokyo:
Bari in kawo misalin da bai yi muni ba, kada a ce duk duhu ne. Roppongi Hills a Tokyo an buɗe shi a 2003, babban benen hawa 54, da gidan kayan fasaha a can ƙololuwa. Shekara 17 kamfanin Mori ya yi yana tattaunawa da ɗaruruwan masu filaye kafin a gama, kuma da yawansu sun karɓi gidaje a cikin sababbin benayen maimakon kuɗi. Duk bazara ana rawar gargajiya ta Bon a dandalin wurin, mazauna na ciki. Haka gidan wasan Kabuki-za da aka sake ginawa a 2013, an jingina masa benen ofisoshi mai hawa 29 a bayansa. Ana iya haɗa su.

Ɗan_Haya:
"Masu filaye" ka ce ko? Mun dawo inda na fara.

Kabiru_Tokyo:
Gaskiya ne. Ban da amsar wannan.

Bature_Baƙi:
A Landan ma haka aka yi a rukunin gidajen Heygate, kudu da kogi. Gidaje wajen 1,200 na hukuma aka gama rushewa a 2014. Waɗanda aka tsara ginawa a madadinsu sun haura 2,500, amma masu hayar rangwame irin ta da ba su kai 100 ba a lissafin farko. Yanzu akwai lambu mai kyau a wurin, ana ta shirya taruka.

Uwar_Marayu:
Ni fa har yanzu ina kan bakana. A yi ƙaramin biki da kuɗin jama'a ya fi. Ko lasifika ɗaya ce.

Bala_Mai_Lissafi:
Hajiya, ƙaramin biki ma sai hukuma ta ba da izinin rufe titi, kuma ba za ta bayar ba sai ta ga inshora da masu tsaro. Zamanin lasifika ɗaya ya wuce a babban birni.

Nana_Asabe:
Akwai tsakiya fa. In da ni ce a teburin: suna ba ya canzawa, sai dai a rubuta "da tallafin" a ƙasa. Kada kamfani ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Babu ruwansa da wanda zai hau dandali ko abin da zai faɗa, a rubuce. Hoton bikin ba ya shiga tallar gidaje sai da izini da biya daban. Sannan maimakon wani ɓangare na kuɗin, ku nemi ɗaki a hawan ƙasa na ɗaya daga cikin benayen, haya ta shekaru masu yawa a kan kuɗi kaɗan, inda za a riƙa atisaye da ajiye kaya. Shagunan ƙasan nan sukan daɗe babu kowa, ba zai yi musu wuya ba. Kuɗi za su ƙare, ɗakin zai saura.

Injiniya_Tanimu:
Na goyi bayan batun ɗakin, da sharaɗin a yi rajistarsa a kan ginin kansa, ba a kan kamfanin ba. Irin waɗannan kamfanoni sukan buɗe ƙaramin kamfani don aiki ɗaya, su rufe shi in an gama, ko su sayar da ginin. Sai ku wayi gari da takarda a hannu, wanda ya sa hannu babu shi.

Zinariya22:
In sun ƙi duk waɗannan fa?

Tsohon_Malami:
Sai kun san abin da suka zo saye.

Musa_BK:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa hukumar birnin ta rage kuɗin tun farko, alhali sababbin benayen haraji za su ƙara mata? Kowa na ta faɗa da kamfani an bar mai laifin yana kallo.

Sakataren_Kwamiti:
Malam Musa, a taron da muka yi da su cewa suka yi tunda ga mai son bayarwa, me za mu yi da nasu. Har su ne suka haɗa mu da kamfanin.

Uwar_Marayu:
Ka ji ko. Ruwa ba ya tsami banza.

Sakataren_Kwamiti:
Na gode ƙwarai jama'a. Na kwafe shawarwarin Hajiya Asabe da na Injiniya zan kai zaman kwamiti ranar Asabar, kuma na rubuta wa ofishin tsara birni ina neman takardar izinin dandalin. Shugabanmu dai ya fi karkata ga a sa hannu kafin su canza ra'ayi. Ɗan_Haya, in ba damuwa ina so in yi magana da kai ta akwatin sirri. A kwamitinmu mu goma sha ɗaya babu ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka tasa, sai yanzu na lura.

Ɗan_Haya:
Ba damuwa, turo. Amma in zaman da yamma ne ba zan samu motar komawa ba.

Gambo_Direba:
Wane gefen gari kake? In hanyata ce sai in sauke ka.